Hakkin Naƙasassu da Abin da Ke Hana Shi Isa Gare Su



Wannan jawabi ya shafi wasu 'yan ƙasa waɗanda babu birni ko ƙauye a Nijeriya da ba a samunsu, watau makafi da kurame da guragu da kutare da masu taɓin hankali, da sauran waɗanda wata lalura ta rage musu ƙarfin neman abin kansu. Sunan da aka daɗe da saninsu da shi shi ne naƙasassu, ko da yake ma'aikatu da gidajen rediyo yanzu sun fi cewa masu buƙata ta musamman. Gwamnatin Tarayya ta yi doka dominsu, ta kafa musu hukuma, an kuma sha ware kuɗi da sunan marasa ƙarfi. Duk da haka, in aka shiga ƙauye aka tambayi makaho ko gurgu abin da ya taɓa samu daga hannun hukuma, sau da yawa sai ya ce shi dai ya ji a rediyo. Abin da ke tsare hanya tsakanin rediyon nan da ƙofar gidansa shi ne za a duba.

Domin magana ta zauna a wuri guda, za a ɗauki misalin Azuba, wani gari na manoma a ƙaramar hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta tashi daga Lafiya zuwa Akwanga. Azuba ba ta cikin lungu. Babban titi ya ratsa ta gefenta, hedkwatar jiha tana kusa, Abuja ma tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. In har naƙasasshen da ke zaune a irin wannan wuri yana shan wuya kafin ya kai ga hakkinsa, to, mai sauraro ya auna halin wanda ke can ƙauyen da mota ba ta shiga da damina.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Nijeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya game da hakkin naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Bayan shekaru ana kai da komowa a Majalisar Tarayya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ran 23 ga Janairu, 2019. A 2020 aka kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa mai hedkwata a Abuja, aka naɗa James Lalu, wanda shi kansa kurma ne, ya zama sakatarenta na farko. A 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, wanda shan inna ya kama tun yana yaro, ya gaje shi.

Sashe na 1 na dokar ya ce duk mutumin da ya nuna wa wani bambanci saboda naƙasarsa, za a ci shi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka biyu. In kuwa kamfani ne ko hukuma, tarar Naira 1,000,000 ce. Dokar ta ba naƙasasshe ilmi kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ba mai taɓin hankali magani kyauta a asibitocin gwamnati. Ta ce a fara sallamar naƙasasshe in ana bin layi. Sashe na 29 ya umarci ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙari su ga cewa aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu naƙasassu ne. Ta kuma haramta a riƙa yawo da naƙasasshe ana bara da shi.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa a fili, domin rashin faɗinsa ya jawo wa mutane asarar kuɗin mota da ɓacin rai. Dokar nan ba ta yanka wa kowane naƙasasshe albashin wata ba. Abin da ake da shi a matakin tarayya shi ne hakkokin da aka lissafa, da kuma shirye-shiryen taimakon marasa ƙarfi waɗanda naƙasasshe yake shiga tare da sauran talakawa. Wasu jihohi sun yi nasu tsarin. Jigawa, alal misali, ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 a wata tun 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido. Saboda haka duk wanda ya zo wa mutanen gari da labarin cewa Abuja ta buɗe albashin naƙasassu, a kawo kuɗin fom, to, a san ɓarawo ne.

Ita Jihar Nasarawa tana da tata dokar da tata hukumar kare hakkin naƙasassu tun zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, wanda ya yi mulki daga 2011 zuwa 2019, wanda kuma bai taɓa ɓoye cewa zazzaɓin Lassa ya taɓa masa ji ba. Shi ne ya gina babbar makarantar yara naƙasassu a Lafiya, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a watan Fabrairu na 2018. Ke nan ta fuskar takarda da gini, mutumin Azuba ya fi na wurare da dama gata.

WANDA BA A RUBUTA BA

Shinge na farko, wanda kuma ya fi kowane tsawo, shi ne rashin suna a takarda. Gwamnati ba ta raba abu sai da lissafi, lissafi kuwa daga rajista yake fitowa.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta samu mutum miliyan 140 da 'yan kai a Nijeriya, a cikinsu ta rubuta naƙasassu miliyan 3 da dubu ɗari biyu da wani abu, watau kashi 2 da ɗan ɗori cikin 100. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2011, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata irin naƙasa, a 2022 ma ta ɗaga ƙiyasin zuwa kashi 16. Gaskiya ne ma'aunin da aka yi amfani da shi ba iri ɗaya ba ne, amma tazarar da ke tsakanin 2 da 15 ta wuce a ɗora ta a kan ma'auni kaɗai. Akwai mutane masu ɗimbin yawa da mai ƙidaya ya tsaya a zaure ya tafi bai san suna cikin gida ba.

Dalilin haka sananne ne ga kowa. Malamin ƙidaya yakan tambayi maigida mutum nawa ne a gidansa, maigida ya lissafa masu zuwa gona da masu zuwa makaranta, ya tsallake yarinyar da ba ta magana, ko yaron da ke faɗuwa da farfaɗiya, ko ƙanensa da aka killace a ɗakin baya. Wani kunya ce ke hana shi, wani kuwa tsoro yake yi kada a ce abin a jininsu yake, 'yan'uwan yarinyar su rasa mazan aure. Ba a ce iyayen nan ba su son 'ya'yansu ba. Sau da yawa su ne ke ɗauke da dukan nauyin ci da sha da magani shekara da shekaru ba tare da kowa ya taya su ba. Amma ranar da aka ɓoye yaro daga mai rajista, ranar aka cire shi daga kujerar makaranta da katin asibiti da duk wani rabo da zai biyo baya.

Wannan ya fi fitowa sarari a Rajistar Marasa Ƙarfi ta Ƙasa, wadda aka fara haɗawa gadan-gadan daga 2016. Yadda aka tsara aikin shi ne, ma'aikata su je gari su tara jama'a, maza daban, mata daban, matasa daban, mutanen gari da kansu su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, sa'an nan su ambaci gidajen da suka fi kowa shiga wannan hali. Daga baya a bi gidajen a ɗauki bayaninsu. Tsari ne mai kyau, domin mutanen gari sun fi baƙo sanin wanda ke kwana da yunwa. Sai dai a duba yadda taron yake gudana. A gindin bishiya ake yinsa, ko a filin makarantar firamare, ko a ƙofar gidan dagaci. Sanƙira ya zaga da yamma ya yi shela, kurma bai ji ba. Gurgun da ba shi da keke bai iso ba sai an watse. Makauniya tana jiran jikanta ya dawo daga gona ya ja ta. Waɗanda suka fi cancanta a ambata su ne suka fi wuyar halarta, wanda kuwa ba ya wurin, sai in Allah ya sa wani ya tuna da shi.

Har ila yau, rajistar ta gidaje ce. A shirin da aka fara a 2016, wanda ya riƙa ba gida Naira 5,000 a wata, ana damƙa kuɗin ne ga wanda aka rubuta a matsayin mai kula da gidan, galibi mace. Da wannan shiri aka raba dala miliyan 322 da ɗoriya da ƙasar Suwizalan ta maido daga kuɗin marigayi Janar Sani Abacha. A watan Oktoba na 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da rabon Naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A duka biyun, naƙasasshen da ke raɓe a gidan wansa ko kawunsa yana iya shiga lissafin gidan, kuɗi su fito, shi kuwa ko sabulu bai gani ba. Wannan babu dokar da za ta iya gyara shi daga Abuja. Sai dai mai unguwa da maƙwabta su sa ido.

TAKARDA A KAN TAKARDA

A ce mutum ya tsallake shingen farko, sunansa ya shiga. Saura takardu.

Tun daga rabon 2023 aka ɗaure biyan kuɗin tallafi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, ko lambar tantancewa ta banki, watau BVN, kuma ta asusun banki ko na waya ake turawa. An yi haka ne domin a toshe sunayen bogi, kuma babu mai hankalin da zai ƙi a toshe su. Amma kowace lamba daga cikin biyun nan sai mutum ya je da ƙafarsa, an ɗauki hotonsa, ya ɗora yatsunsa a kan na'ura. To, yaya wanda kuturta ta cinye wa yatsu? Yaya wanda injin niƙa ko haɗarin babur ya raba da hannu? Yaya wanda jikinsa ke karkarwa, ba ya iya tsayar da kai a ɗauki hoto? Akan samu ƙaramin ma'aikaci ya gwada sau biyu sau uku, na'ura ta ƙi, layi ya yi tsawo a bayansa, sai ya ce wa mutum ya je ya dawo. Mutum ya koma gida da zaton cewa shi ba ya cikin waɗanda ake yi wa katin.

Wannan zato kuskure ne. Dokar 2007 da ta kafa hukumar ba da lambar ɗan ƙasa ba ta ware mai yatsu daga marar yatsu ba, yin rajistar farko kuma kyauta ne. Duk wanda na'ura ta ƙi karɓar yatsunsa, kada ya tafi. Ya nemi ganin shugaban ofishin, a rubuta lalurarsa, a bi hanyar da ta dace da shi. Ma'aikacin da ya sallame shi hannu wofi saboda wannan dalili kaɗai ya shiga ƙarƙashin sashe na 1 da aka ambata ɗazu.

Sai takardar shaidar naƙasa. Dokar 2019 ta ce in likita ya ga alamar naƙasa a jikin wanda yake dubawa, yana iya ba shi takardar wucin gadi da yardar Hukumar Naƙasassu, wadda ba za ta wuce kwana 180 ba. In lalurar ta zarce haka, Hukumar ta ba shi ta dindindin bisa shawarar likita. Wanda ya mallaki ta dindindin ya cancanci dukan abin da dokar ta tanada. Wanda kuwa ya samo ta ta hanyar ƙarya, ko ya ba da ita ga wanda bai cancanta ba, akwai tarar Naira 200,000 ko ɗaurin shekara guda a kansa. A takarda abin gajere ne. A ƙasa kuwa, ɗakin shan magani na ƙauye yawanci ba shi da likita, sai ma'aikacin lafiya. Ke nan mutumin Azuba sai ya shiga Lafiya, ya yanki kati, ya jira likita, wataƙila a tura shi gwajin ido ko na kunne, a ce ya dawo wani mako.

A lissafa abin da wannan zirga-zirga take ci. Makaho ba ya tafiya shi kaɗai, saboda haka kuɗin mota na mutum biyu ne, ɗan jagoran kuma ya yi asarar yinin gona ko na makaranta. Gurgu mai keke, sai direba ya caje shi kuɗin kaya a kan keken, in ma ya yarda ya tsaya ke nan. In aka yi irin wannan tafiya sau uku ko huɗu, domin lamba, domin likita, domin banki, sai a tarar kuɗin da aka kashe ya kusa cinye abin da ake nema. Mai doya ko riɗi a rumbu yana iya sayar da ɗan wani abu ya jure. Wanda ba shi da ko ɗaya, shi ne zai fara haƙura, alhali kuwa dominsa aka yi shirin.

ƘOFA DA HARSHE

Game da gine-gine, magana ba ta da tsawo. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara dukan gine-ginen jama'a, a yi musu gangara da keken guragu zai hau, da sauran abin da zai sauƙaƙa shiga. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024. Jami'in da ya sa hannu a kan zanen sabon ginin da bai cika wannan sharaɗi ba, hukuncinsa tarar aƙalla Naira 1,000,000 ce ko ɗaurin shekara biyu. Kowa ya duba sakatariyar ƙaramar hukumarsa da bankin garinsu da asibitinsu ya ba kansa amsa. Inda gyaran bai samu ba tukuna, babu abin da ya hana akawu ya sauko da teburinsa ƙasa. Dattijon da aka ɗauka kamar buhu aka hau da shi bene a gaban jama'a, da wuya ya yarda ya sake zuwa.

Harshe ya fi gini wuyar gani. Fom da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, ba a kuma cika samunsa da rubutun makafi ba, ko da yake an fara koyar da wannan rubutu a Gindiri ta Jihar Filato tun 1953. Kurame kuma nasu ya ninka. Maganar hannu da ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster ya kawo Ibadan a 1960, ita ce kuma tafintocin talbijin suke yi. Kurman da bai shiga makaranta ba yana da tasa maganar hannun ta gida, wadda ya tashi da ita tsakanin danginsa da abokansa a kasuwa. Ana iya kawo tafinta daga birni, ya yi ta kaɗa hannu awa guda, kurman ƙauye yana kallonsa bai ɗauki komai ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai nemi ɗan'uwan kurman ko abokinsa ya zauna tare da su. A wuri kamar Azuba, inda Eggon da sauran ƙabilu suke zaune tare da Hausawa, akwai kuma tsofaffin da sai da harshensu na gida za su gane bayanin sosai.

'YAN TSAKIYA

Duk inda hanya ta yi wuya, sai an samu mai cewa a ba shi ya kai. Ƙasar Hausa ta daɗe da sarautun sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, akwai kuma ƙungiyoyin zamani da haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa mai rassa a jihohi. Waɗannan sun yi aiki mai yawa, da bakinsu aka yi ta matsa wa Majalisa har dokar 2019 ta samu. Amma in ma'aikaci ya ɗauki buhunan shinkafa ko kekuna ya sauke a ƙofar shugaba ɗaya ya juya, to, ya sauƙaƙa wa kansa ne kawai. Mata naƙasassu da ke cikin gida, da masu taɓin hankali, da yara, da manomin da bai taɓa fita bara ba balle ya shiga wata ƙungiya, duk ba su cikin littafin wannan shugaba.

Akwai kuma wata sabuwar ɓaraka da biyan kuɗi ta waya ya kawo. Makaho ba ya ganin saƙon da ya shigo, ba ya ganin abin da mai POS ya danna. Dole ya ba wani katinsa da lambarsa ta sirri. In an yi sa'a amintacce ne, shi ke nan. In ba a yi ba, sai a ce masa kuɗi ba su shigo ba. Shawara a nan ita ce mutum ya zaɓi amintacce guda ɗaya, ya sa wani na biyu daban ya riƙa karanta masa saƙon banki, kada ya bar katinsa ya kwana a hannun mai shago.

DIYYAR MA'AIKACI

Wani hakki da ake yawan asararsa saboda rashin sani shi ne diyyar wanda ya naƙasa a bakin aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun NSITF, ba tare da an cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, doka ta ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Amma akwai wa'adi. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda, sai fa in akwai wani uzuri na musamman. Abin da aka saba gani shi ne, leburan kamfanin hanya ko na injin casar shinkafa ya ji rauni, maigidansa ya biya kuɗin asibiti ya ƙara masa ɗan wani abu, dangi su yi godiya, a kai shi ƙauye jinya. Kafin wani ya gaya musu akwai asusu, shekara ta zagayo.

Haka nan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa naƙasassu cikin rukunin marasa ƙarfi da gwamnati za ta ɗauke wa kuɗin magani, tare da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki da tsofaffi. Hukumomin inshorar lafiya na jihohi ne ke rubuta sunaye, ta hannun ɗakunan shan magani da aka zaɓa a gundumomi. Nan ma sai wanda aka rubuta.

AN TAƁA YI A NASARAWA

Kada wani ya ce kai abu gida gida ya fi ƙarfin hukuma, domin an yi shi a wannan jiha, mutanen da suka yi shi kuma suna nan da ransu. Akwai wata makanta da ƙudan bakin rafi ke haddasawa, wadda a da ta makantar da manoma da yawa a ƙasashen Filato da Nasarawa. Tun 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganinta, Mectizan, kyauta. Da a ce an ajiye maganin a Lafiya an ce mai so ya zo da takardu, da har yau ana fama. Abin da Ma'aikatar Lafiya ta yi tare da Cibiyar Carter shi ne, kowane gari ya zaɓi nasa mutum, aka koya masa aikin, aka ba shi littafin rajista da sandar awo, domin da tsawon mutum ake gane ƙwaya nawa zai sha. Yana bin gidaje ɗaya ɗaya, shekara bayan shekara. A 2017 aka bayyana cewa an shawo kan cutar tundurmi a jihohin biyu, a 2018 aka daina rabon maganin makantar domin yaɗuwarta ta tsaya, a 2021 aka tabbatar an kawar da ita.

Waɗanda cutar ta riga ta makantar kafin maganin ya iso, idonsu bai dawo ba. Haka waɗanda shan inna ya shanye wa ƙafa kafin a tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji ran 25 ga Agusta, 2020, wadda ita ma gida gida aka bi da allurarta. Hanyar da aka bi aka kai musu magani a makare, ita ce ta dace a bi a kai musu rajista.

Saboda haka ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi su roƙi hukumar ba da lambar ɗan ƙasa ta riƙa fitowa da na'urorinta zuwa gundumomi a ranakun da aka sanar tun da wuri, a haɗa da likita a rana ɗaya, domin tafiya guda ta wadatar. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, kowa ya buɗe littafi ya rubuta naƙasassun ƙasarsa, mace da namiji, babba da yaro, da irin lalurar kowa, tun kafin wani rabo ya taso. In aka jira sai rabo ya zo, sunayen masu ƙafa ne ke cika takarda. In za a yi taron zaɓen gidajen marasa ƙarfi, a aika musu takanas, wanda ba zai iya zuwa ba a je a same shi. Limamai da fastoci su taya da sanarwa, domin sashe na 2 na dokar ya ɗora wa Ma'aikatar Watsa Labarai ta Tarayya aikin wayar da kan jama'a, ma'aikatar kuwa ba ta da bakin da ya kai nasu shiga gidaje. Su kuma iyaye, in mai rajista ya yi sallama, a ambaci kowa da kowa.

Wanda aka hana hakkinsa, ko aka nemi ya ba da wani abu kafin a rubuta sunansa, yana da wuraren kai kuka, kuma ba a biyan ko kwabo. Akwai Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, wadda doka ta ba ikon karɓar ƙorafi da mara wa mutum baya har kotu. Akwai hukumar naƙasassu ta jiha inda aka kafa ta. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofisoshi a hedkwatocin jihohi. Na mutumin Azuba suna Lafiya. In zai tafi, ya riƙe ranar da abin ya faru, da sunan ofishin, da duk wata 'yar takarda da aka ba shi, ya kuma tafi da wanda ya shaida abin in da hali. Wanda ba ya iya rubutu ya faɗa da baki a rubuta masa, a karanta masa ya ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala, sa'an nan ya karɓi kwafi ya ajiye a gida.